Kisan Da Ba Wanda Ya Gani: Yadda Ake Ɗaukaka Ƙara a Kano

Ranar da alƙalin Babbar Kotu ya karanta hukuncin rataya, dangi kan fito daga harabar sakatariyar Audu Baƙo ko kotun titin Miller gwiwa a sanyaye, suna ganin magana ta ƙare. Alhali a ranar ne wani sabon aiki yake farawa. Sashe na 241 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba duk wanda aka yanke wa hukuncin kisa damar ɗaukaka ƙara ba sai ya nemi izinin kowa ba, kuma doka ta ba shi kwana 90 daga ranar hukunci. Kwanakin nan kan zube ne ana karɓar jaje, ana cigiyar wanda zai yi magana da manya. Wanda ya bari suka wuce sai ya koma roƙon kotu ta ƙara masa lokaci, da takardar rantsuwa da bayanin abin da ya tsayar da shi, kuma ba dole ne a ba shi ba.

Wannan jagora ta shafi irin shari'ar da ta fi kowace wuya, wato kisan da ba wanda ya gani da ido. An wayi gari da gawa a kango, ko a bakin kududdufi, ko a soro. 'Yan sanda sun tattara alamu, alƙali ya haɗa su ya ce wane ne. Gidaje biyu nake wa magana, gidan wanda aka kashe da gidan wanda aka yanke wa hukunci, domin a cikin ganuwa sau da yawa lungunsu ɗaya, masallacinsu ɗaya, wani lokaci ma kakansu ɗaya. In aka rataye wanda bai ji ba bai gani ba, gidan mamaci ma an zalunce su, tunda wanda ya kashe musu ɗa yana nan yana yawo.

Kundi ake yi wa shari'a

Kotun Ɗaukaka Ƙara ba ta sake kiran shaidu. Alƙalai uku ne za su zauna a reshenta da ke nan Kano (da can sai an je Kaduna), gabansu kundin shari'a: takardar tuhuma, abin da kowane shaida ya faɗa kamar yadda alƙalin farko ya rubuta, kayan da aka karɓa a matsayin hujja, jawaban lauyoyi, da hukuncin kansa. Abin da bai shiga kundin nan ba, a wurinsu bai faru ba. Ko da duk Mandawari sun san cewa a daren yaron yana wurin biki a Gwammaja, in ba a faɗa a gaban alƙalin farko ba, maganar ta zama hirar bakin titi. Akwai ƙofar shigar da sabuwar hujja, amma matsattsiya ce ƙwarai: sai an nuna cewa ba a iya samun hujjar a lokacin shari'a ba ko da an yi bakin ƙoƙari, cewa abin gaskatawa ce, kuma da an kawo ta da tana iya sauya hukunci. Tun ran gini ran zane. Rabin nasarar ɗaukaka ƙara tana hannun lauyan farko, da irin tambayoyin da ya titsiye shaidu da su, da inda ya miƙe ya ce bai yarda ba.

A makon farko a nemi kwafin hukuncin. Sashe na 36 na tsarin mulki ya ce haƙƙin wanda aka yi wa shari'a ne ya same shi cikin kwana 7. Takardar ɗaukaka ƙara a ofishin rajistaran Babbar Kotun da ta yanke hukuncin ake shigar da ita, kuma abin da ya fi aminci shi ne lauya ya bi mai ƙarar har inda yake tsare, Kurmawa ne ko Goron Dutse ko wani gari, ya sa hannu ko ya dangwala da kansa. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya ya nemi hukumar ba da tallafin lauya kyauta ta tarayya, wadda aka kafa tun 1976, kuma shari'ar kisa na cikin aikinta. Da zarar takardar ta shiga, ba wanda ke da ikon zartar da hukuncin. An taɓa saɓa wa wannan a jihar Oyo, aka kashe Nasiru Bello ƙararsa na gaban kotu, kuma a 1986 Kotun Ƙoli ta yanke cewa gwamnati ta keta doka. Sani Yakubu Rodi kuwa, wanda kotun Musulunci a Katsina ta samu da laifin kisa, bai ɗaukaka ƙara ba, aka rataye shi a kurkukun Kaduna ranar 3 ga Janairu, 2002. In shari'ar a Babbar Kotun Shari'ar Musulunci aka yi ta, irin ta Ƙofar Kudu, wa'adin ya fi wannan gajarta kuma hanyar daban ce, don haka a ga lauya a ranar.

Abu uku da alamu za su ɗauka

A ƙarƙashin sashe na 221 na dokar Final Kod, mai gabatar da ƙara sai ya tabbatar da abu uku: mutum ya mutu, aikin wanda ake tuhuma ne ya kashe shi, kuma ya yi aikin da niyyar kisa, ko yana sane cewa mutuwa ce mafi kusa ta biyo baya. Sashe na 135 na Dokar Shaida ta 2011 ya ɗora masa nauyin tabbatar da kowane ɗaya har ya zamana babu wani kokwanto mai ma'ana. Ɗaya ya faɗi, hukuncin rataya ya faɗi. Lauya mai natsuwa kan ɗauki takarda ya raba ta gida uku, ya bi kundi shafi bayan shafi yana rubuta wace shaida ce ta riƙe wane gida. Sau da yawa sai ya tarar gidan farko cike, na uku da ɗan abin da ba a rasa ba, na tsakiya kuwa zato ne kawai a ciki.

Hukunci da alamu ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Duk wanda ya zauna tafsirin watan azumi ya ji labarin riguna biyu a Suratu Yusuf. Ta biyu ita ce wadda ta yage ta baya, kuma yagewar ce ta wanke Annabi Yusuf, Alaihissalam, a ɗakin da ba mai shaida. Ta farko kuwa ita ce wadda 'yan uwansa suka kawo da jini a jikinta. Masu tafsiri sun ce Annabi Yaƙub ya lura rigar lafiyarta ƙalau, kuma kerkeci ba ya cinye yaro ya bar riga ba ko huda. A sura ɗaya aka nuna mana alamar da ta fito da gaskiya, da alamar da aka shirya don a rufe gaskiya. Malaman Malikiyya, waɗanda ake karanta littattafansu a zaurukan Madabo tun kaka da kakanni, sun san wannan hatsari, shi ya sa alama mai ƙarfi da suke kira lausu ba ta isa a yi ƙisasi ita kaɗai ba, sai magadan jini sun yi rantsuwa hamsin ta ƙasama. Babbar Kotu ba ta da ƙasama. Alamun ne kaɗai za su ɗauki nauyin ran mutum, don haka ma'aunin da aka sa musu mai tsanani ne.

Kotun Ƙoli ta sha faɗa, kuma shari'ar Lori ta 1980, inda ta soke hukuncin kisa, na cikin waɗanda lauyoyi suka fi kafa hujja da su: dole alamun su kasance masu ƙarfi, marasa harshen damo, su nuna mutum ɗaya tak, kuma kada a sami wani yanayi a gefe da zai raunana su. Ɗan birni zai gane wannan da lungu. In ka bi sawu ya shiga lungun da ba ya ɓullewa, gida ɗaya ne a ƙarshensa, ka san inda mai sawun ya shiga. In kuwa lungun yana ɓullewa Kurmi ta nan, Jakara ta can, sawun bai gaya maka komai ba sai cewa wani ya wuce. Aikin lauyan mai ɗaukaka ƙara shi ne ya nuna wa alƙalai mafitar da alƙalin farko bai leƙa ba, kuma ya nuna ta daga cikin kundi, da lambar shafi.

Alamar da aka fi rataye mutane da ita ita ce a ce da kai aka ga mamaci ganin ƙarshe. Kotunan Najeriya sun ɗauki ƙa'idar cewa wanda aka gani ƙarshe tare da mamaci sai ya yi bayanin yadda suka rabu, in ya kasa, kotu na iya ɗora masa. Mutanen Arewa sun ga aikin wannan ƙa'ida a shari'ar Maryam Sanda a Abuja. Ba wanda ya ga lokacin da aka soki mijinta a watan Nuwamba na 2017, ba a kawo makami kotu ba, ba a yi binciken gawa ba. Amma an sami shaidar da ya ce ya ga rikicinsu a daren har da yunƙurin ɗaukar wuƙa, ita ce ke tare da shi a ƙarshe, kuma Mai Shari'a Yusuf Halilu bai gamsu da bayaninta na cewa kan fasasshen tulun shisha ya faɗa ba. Ya yanke hukunci ranar 27 ga Janairu, 2020, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar a watan Disamba na shekarar. Duk wanda ke sa rai cewa rashin makami ko rashin rahoton likita kaɗai zai kuɓutar da nasa, ya yi nazarin wannan.

Sai dai ƙa'idar tana da iyaka, kuma a nan ne cikin birni ya bambanta da gidan da mutum biyu suka kulle kansu a ciki. A tambaya: ƙarfe nawa aka gan su, ƙarfe nawa aka tsinci gawa? In an gan su tare bayan magariba a Ƙofar Mata, aka tsinci gawa da hantsi a Ɗan Agundi, tsakanin nan akwai dare guda da ɗaruruwan mutane. Wa ya gan su, da wane haske, daga wace tazara, ya san fuskar tun da ko a caji ofis aka nuna masa? Gidan da abin ya faru ƙofa nawa gare shi, mutum nawa ke kwana a soro, katangar baya ana iya haura ta? Kuma in wanda ake tuhuma ya faɗi inda yake a lokacin tun a bayaninsa na farko, da sunan wuri da sunan waɗanda yake tare da su, wajibi ne 'yan sanda su je su bincika. In kundi ya nuna mai binciken ya amsa cewa bai je ba, wannan dalili ne babba na ɗaukaka ƙara. In kuwa sai a akwatin shaida ya fara faɗa, bayan shekara biyu, maganar ba ta da nauyi sosai.

Akwai alamun da ke cika ido amma ba su da ƙarfi su kaɗai. Tsohuwar gaba ɗaya ce: sun yi faɗa a filin ƙwallo, ko a kan budurwa, ko ya ce sai ya ga bayansa. Gudu ma haka. Duk wanda ya tashi a birni ya san cewa in aka yi kisa a faɗan daba, samarin unguwa kan watse gaba ɗaya don tsoron kame, mai hannu da marar hannu. Har ƙarya a caji ofis, tsoro kan sa marar laifi ya yi ta. Kotunan sama sun yarda cewa zargi, komai ƙarfinsa, ba ya zama hujja, mu kuma tun muna yara ake gaya mana zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya.

Gawa, likita da gaggawar jana'iza

A Kano wanda aka kashe da asuba kafin azahar an kai shi maƙabartar Ɗandolo ko ta Ƙofar Mazugal. Gaggauta jana'iza sunna ce, kuma ba mai son ganin an taɓa gawar ɗan uwansa. Sakamakon haka shari'o'in kisa da yawa kan zo kotu ba rahoton binciken gawa, sai dai takardar da likitan Asibitin Murtala ya rubuta cewa an kawo shi ba rai.

Shin wannan yana rushe shari'a? Amsar daga Kano ta fito tun kafin 'yancin kai. A 1956, a ƙarar Kato Ɗan Adamu da En'e ta Kano, an soki mutum ya mutu bayan kwana biyu, ba shaidar likita, kuma Kotun Ƙolin Tarayya ta wancan zamani ta yanke cewa kotu na iya gane sanadin mutuwa daga yadda abin ya auku. Har gobe ana kafa hujja da wannan hukunci a faɗin ƙasar nan. To amma a lura da inda ya tsaya. Yana aiki ne in rauni a fili yake, mutuwa kuma ta biyo shi kusa da kusa. In mutum ya yi makonni yana jinya, an kai shi wurin mai ɗori, an dawo da shi gida, ga ciwon suga ko hawan jini tun da, to ba likita ba a san me ya kashe shi ba. Haka in guba ake zargi, ko shaƙewa, ko gawar ta riga ta ruɓe. A irin wannan, rashin likita rami ne a tsakiyar shari'ar gwamnati, kuma dole a nuna wa alƙalai shi.

In kuwa akwai rahoto, kada a sallama masa don yana ɗauke da hatimi. Sashe na 55 na Dokar Shaida ya yarda a karɓi takardar likitan gwamnati mai binciken gawa ko bai zo ba, amma ya bar ƙofa a nemi kotu ta kira shi a yi masa tambayoyi. A duba kundi: an nema? An hana? Sannan wa ya nuna wa likitan gawar ya ce wannan wane ne, kuma an kira mutumin ya ba da shaida? Inda akwai shakkar ko gawar wa aka bincika, rashin wannan shaida ya sha kayar da hukunci. A gwada abin da likita ya rubuta da labarin mai gabatar da ƙara. In an ce da adda aka sare shi, rahoto kuma ya nuna huda mai zurfi mai ƙaramin baki, ɗaya daga cikinsu bai faɗi daidai ba. Ra'ayin ƙwararre, a sashe na 68, taimako ne ga alƙali, kuma ƙwararren da bai bayyana yadda ya kai ga ra'ayinsa ba, ra'ayin nasa ba shi da nauyi.

Wuƙa, jini da waya

Wuƙa ko barandami da aka ɗaga a kotu yana girgiza zuciya, har alƙali ma mutum ne. Tambayar ita ce hannu nawa ya bi kafin ya iso. Wa ya tsince shi, a ina, yaushe, 'yan sintiri ne suka kai ko 'yan sanda suka ɗauka, an rubuta shi a littafin ajiyar kayan shaida, mai ajiyar ya zo kotu? In an sami giɓi a wannan jeri, ba mai iya rantsewa cewa wuƙar da ke gaban alƙali ita ce ta wurin kisa. Jan tabo a jikin riga kuma, sai gwaji ya nuna jini ne, na mutum ne, kuma na mamacin ne. A garin da ke da mahauta, da masu yankan kaji a kowace kasuwa, wannan tambaya ce ta gaske. Ko gwajin rukunin jini bai isa ba, tunda kusan rabin 'yan Najeriya rukuninsu ɗaya ne, wato O.

Gwajin ƙwayar halitta na DNA shi ne ke iya kusantar tabbas, kuma tarihinsa yana da darasi. Karo na farko da aka yi amfani da shi a binciken kisa, a yankin Lesta na Ingila a 1986, wani yaro ɗan shekara 17 ya riga ya amsa wa 'yan sanda cewa shi ya kashe ɗaya daga cikin 'yan mata biyu. Gwajin Farfesa Alec Jeffreys ya nuna ba shi ba ne, aka sake shi, daga baya aka kama Colin Pitchfork aka ɗaure shi a 1988. A Najeriya jihar Legas ta buɗe cibiyar irin wannan gwaji a 2017, amma har yanzu ba kasafai ake ganinsa a shari'ar talaka ba. Rashin yin sa ba ya soke hukunci kai tsaye. Sai dai in kundi ya nuna an ɗebi jini ko an ɗauki zanen yatsa an aika gwaji, sannan ba a kawo sakamakon ba, sashe na 167 na Dokar Shaida ya ba kotu damar ɗauka cewa da an kawo shi da bai yi wa gwamnati daɗi ba. Lauyoyi da yawa kan wuce wannan ba su lura ba.

Waya ita ce sabuwar shaidar zamani, musamman a kisan ƙwacen waya da garkuwa. Ita ta kai jami'an tsaro ga wanda ya sace wata yarinya mai suna Hanifa, shari'ar da Mai Shari'a Usman Na'abba ya yanke ranar 28 ga Yuli, 2022. Amma bayanan kira da na kamfanin layi sai sun cika sharuɗɗan sashe na 84 na Dokar Shaida, da takardar shaidar na'urar da ta fitar da su ko shaidar wanda ke kula da ita. Ko sun shiga, a san abin da suke iya nunawa. Ƙarfen sabis yana nuna yanki ne, kuma a cunkoson birni yanki ɗaya ya ƙunshi unguwanni da dubban ɗakuna. Layin da aka yi wa rajista da sunan mutum bai nuna wa ke riƙe da wayar a daren ba. Mu nan uwa kan yi wa ɗa rajista, maigida ya yi wa yaron shago. Wanda aka samu da wayar mamaci jim kaɗan bayan kisa, doka ta yarda a ɗauke shi ɓarawo ko mai karɓar kayan sata sai in ya yi bayani. In ya ce a kasuwar Farm Centre ya saya, ya faɗi rumfa, a duba ko mai bincike ya taka ƙafa ya je.

Bayanin caji ofis

Gaskiyar magana, yawancin shari'o'in da ake cewa na alamu ne, abin da ke riƙe da su shi ne takardar da aka ce wanda ake tuhuma ya amsa laifi a hannun 'yan sanda a Bompai. A nan nake so lauya ya fi daɗewa.

Abu biyu ne, kuma ana yawan cakuɗa su. In ya ce na faɗa amma dukana aka yi, sashe na 29 na Dokar Shaida ya wajabta wa gwamnati ta tabbatar ba tilas a ciki, kuma lokacin da za a yi wannan ƙorafi shi ne daidai sa'ar da aka miƙa takardar, a tsaya a yi ƙwarya-ƙwaryar shari'a a kanta. Lauyan da ya yi shiru a lokacin ya rufe ƙofar da wuya ta sake buɗuwa a sama. In kuwa cewa ya yi ban faɗa ba sam, sa hannun ma ba nawa ba ne, za a karɓi takardar, amma sai alƙali ya auna ta: akwai wani abu a waje da ke gaskata ta, ta dace da sauran hujjojin da aka tabbatar, yana da damar aikata abin? In hukunci bai nuna an yi wannan awo ba, a rubuta shi cikin dalilai.

Sai batun harshe, wanda ya shafe mu fiye da kowa. Yaro ya yi magana da Hausa, an rubuta da Turanci, ya dangwala a kan abin da ba ya iya karantawa. Abin da ya dace shi ne a rubuta da Hausar da ya faɗa, a fassara, a kawo duka biyun. In ta bakin tafinta aka ɗauki bayanin, Kotun Ƙoli ta yanke cewa sai tafintan ya zo ya ba da shaida, in ba haka ba takardar ta zama ji-ta-ji-ta. Tsakanin "na buge shi" da "na kashe shi" akwai ran mutum. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta kawo tsarin ɗaukar bayani a bidiyo ko a gaban lauya, Kano ma ta yi tata dokar a 2019, don haka a binciki yadda aka ɗauki bayanin a gwada da abin da dokar ta tanada. Kuma amsa laifin da abokin tuhuma ya yi a caji ofis kansa kaɗai ya ci, ba ya kama wanda ya ambata sai in shi ma ya amince da shi.

Haka nan a buɗe shafin farko na zaman kotu. An karanta masa tuhuma, an bayyana masa da harshen da yake ji, an rubuta cewa an yi haka? Yana da lauya a duk zaman? Kuskure a nan kan rushe shari'ar gaba ɗaya, kamar yadda aka yi a ƙarar Kajubo a 1988, ko da yake sau da yawa sakamakonsa umarnin a sake shari'a ne.

Rubutu da abin da zai biyo baya

Dalilan ɗaukaka ƙara su fito daga hukuncin, kowane ya nuna kuskure ɗaya da inda yake. Dalili uku masu kaifi sun fi goma sha biyar da aka tara don a burge dangi, domin doka ta ba kotun damar ta yarda an yi kuskure amma ta bar hukunci yadda yake in kuskuren bai jawo zalunci na haƙiƙa ba. Kada a ɓata takarda wajen cewa shaida maƙaryaci ne. Alƙalin farko ne ya ga fuskarsa, kuma na sama ba sa son taɓa wannan. Inda suke da cikakken iko shi ne ma'anar da aka ciro daga alamun, tunda wannan aikin hankali ne, kuma kundin da ke gabansu ya ishe su. Bayan kundi ya iso, mai ɗaukaka ƙara na da kwana 45 ya shigar da rubutattun hujjojinsa, gwamnati kwana 30 ta mayar da martani. Jinkiri mafi yawa wurin haɗa kundi yake, don haka a sami mutum ɗaya a dangi da zai riƙa bibiyar ofishin rajistara.

Kotun na iya tabbatar da hukunci, ko ta sallami mutum ta wanke shi, ko ta mayar da laifin kisan da ba na rataya ba a ƙarƙashin sashe na 222 da 224 na Final Kod, misali in an tsokane shi tsokana mai tsanani nan take, ko ta ce a sake shari'a. Wanda bai gamsu ba yana da kwana 30 kacal ya tafi Kotun Ƙoli, kuma ya sani in kotuna biyu sun haɗu a kan abin da ya faru, da ƙyar ta uku ke saɓa musu. Yafiyar magadan jini ba ta soke hukuncin Babbar Kotu, amma tana da amfani in an je neman afuwar gwamna a ƙarƙashin sashe na 212 na tsarin mulki.

Roƙona na ƙarshe ga masu unguwanni da limamai da 'yan sintiri ne, domin su ake fara kira kafin ɗan sanda ya iso. Kada a zuba ƙasa a kan jini, kada a wanke wurin, kada kowa ya ɗauki makami da hannu yana nuna wa jama'a, kada a yar da tufafin mamaci. A ɗauki hoto da waya kafin a motsa komai, a rubuta lokaci da sunan wanda ya fara gani. In mai rauni ya ambaci wanda ya yi masa kafin ya cika, wanda ya ji ya riƙe kalmomin yadda aka faɗe su, don sashe na 40 na Dokar Shaida ya yarda da su. Dangi kuma su daure su bar likita ya duba gawa in an buƙata. Majalisar malaman fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta halatta binciken gawa domin gano sanadin mutuwa a shari'ar kisa tun 1987, kuma awoyin da za a jinkirta jana'iza ba su kai shekarun da shari'a marar hujja ke ci ba. Liman ya faɗi wannan a masallaci tun kafin abin ya faru a unguwarsa.